Kaya a Sama, Sabuwa a Ƙasa

Ranar da aka yanke shawarar sauko da Sabuwa badrum, ɗakin ƙarƙashin gini, babu wanda ya ɗaga murya a gidan. Ƙaninta Zubairu ne ya shigo ɗakinta bayan la'asar, ya zauna a bakin gado, ya fara tambayarta ciwon gwiwa da ko maganin shafawa ya ƙare. Tun daga nan ta san da magana a bakinsa, don Zubairu ba ya tambayar lafiyar mutum sai yana da buƙata.

Shi dillalin inshora ne mai zaman kansa. Ba kamfanin da ya ɗauke shi aiki. Sana'arsa ita ce ya haɗa 'yan kasuwar Najeriya da Sudan masu sayayya a Alƙahira da kamfanonin da za su biya su in wata ɓarna ta sami kayansu. Da tafiya ta yi tafiya, 'yan kasuwar suka fara bar masa kayan ya ajiye kafin lokacin lodi: katan-katan na abaya, littattafan addini, turare, takalman yara. Yana jibge su a badrum, wato ɗakin da ke ƙarƙashin ginin da yake haya, a wani lungu da ke gangaren bayan unguwar Darrasa. To lungun nan kwari ne. In aka yi ruwan sama, abin da ba ya wuce sau uku ko huɗu a shekara, duk ruwan unguwa nan yake taruwa. In ma ba a yi ba, ƙasa da kanta tana tsattsafo da ruwa ta jikin bango.

Ya ce mata makonni uku ke nan yana zagaya ofisoshin Wustul Balad, tsakiyar birni, yana neman kamfanin da zai karɓi kayan. Shida sun ƙi. Wasu da jin sunan lungun sai su rufe fayil. Wani ma'aikaci har dariya ya yi masa, ya ce ai su abin da ake tsoron aukuwarsa suke karɓa, ba abin da aka san watan zuwansa ba. Su kuwa 'yan kasuwa sun ce ba za su ƙara bar masa ko ƙyalle ba sai sun ga takarda. Na bakwai, wani ƙaramin kamfani, shi ya yarda, amma da sharaɗi biyu: kada a ajiye kaya a wurin da ya yi ƙasa da titi, kuma a sa injin jan ruwa a badrum ɗin don kada danshi ya ci ginin.

Gidan ɗakuna uku ne: nasa da matarsa Wijdan, na 'ya'yansu mata, sai nata. Ba ta buƙaci a ƙarasa mata ba.

"Wata ɗaya ne, Yaya," in ji shi. "Da na sami sito a unguwar Madinat Nasr, khalas, shi ke nan, ki dawo ɗakinki."

Ta ce to. Watanni tara ke nan da ta iso gidan daga Wad Madani ta Sudan da jaka ɗaya, bayan yaƙi ya cinye gidanta ya watsa 'ya'yanta maza biyu. Fasfonta yana hannun Zubairu, wai ana nema mata iƙama, takardar izinin zama, kuma duk lokacin da ta tambaya sai ya ce layi ne da tsawo. Mai zama a inuwar wani ba shi ke zaɓar inda za ta faɗa ba.

Washegari Am Fadl, bawwab ɗin ginin, wato mai tsaron ƙofa, shi da wasu lebura biyu suka yi ta hawa da katan-katan suna saukowa da kayanta. Ba su daɗe ba, don kayan nata gado ne da jaka da buta da sallaya. Wijdan tana tsaye a bakin matakala tana nuna musu inda za su jera kwalaye, tana ce wa Sabuwa ai wannan ma gata ne Allah ya yi mata, ta huta da hawan bene. Sabuwa ta ƙirga matakalar da ta sauka, goma sha ɗaya ne, masu santsi, babu abin dafawa.

Ɗakin yana da faɗi, amma rufinsa ƙasa-ƙasa ne. Zubairu ya sa an shafa masa farin fenti, kafin sati ya zagayo fentin ya kumbura ya fara zubowa kamar ɓawon gyaɗa. Taga ɗaya ce, ƙarama, mai sandunan ƙarfe, daidai da daɓen titi, ta yadda ba abin da take gani sai ƙafafuwan masu wucewa da tayoyin tuk-tuk, baburan nan masu ƙafa uku. A kusurwa akwai wani rami da ruwa ke taruwa a ciki, a bakinsa aka kafa injin. Zubairu ya nuna mata maɓallin, ya ce in ta ga ruwan ya kai jan layin da ya zana, ta danna. Ya ce ba wani aiki ba ne, tunda dai tana nan zaune.

Ruwan yana kai jan layi sau huɗu a yini, wani lokaci biyar. Injin yana da ƙara kamar injin markaɗe, in ya tashi har gado rawa yake. Kuma ba ya son a bar shi, in ya tsotse ruwan ya ci gaba da aiki sai ya ƙone, don haka dole ta tsaya a kansa. Ta wannan hanyar fita ta gagare ta. Da can takan je masallaci sauraron karatu da hantsi, duk da tana tsoron a tare ta a tambayi takarda. Yanzu ko wannan babu.

Satin farko tana hawa sama cin abinci. Sai Wijdan ta ce tausayinta take ji, gwiwar nan ba ta son wahala, za ta riƙa sauko mata da shi. Ta sauko kwana biyu. A na uku Sabuwa ta ji ana kiranta daga sama, ta leƙa taga, ta ga kwandon da Wijdan ke zurowa daga baranda in za ta sayi burodi wurin mai keke, yana lilo a bakin sandunan, da kwano a ciki. Ta zura hannu ta karkata kwanon kafin ya shigo, miya ta zube a bango. Daga ranar haka abincinta yake zuwa.

Tari ya fara mata a ƙarshen watan farko. Da ta gaya wa Zubairu, ya ce sanyin Masar ne, kowa yana yi, shi ma ga shi da mura. Ya sayo mata bargo mai kauri, ya buɗe shi a gabanta ya nuna mata tambarinsa, ya ce na Turkiyya ne. Bargon ya sha danshi cikin kwana uku, ya yi nauyi, ya fara wari. Maganar sito kuwa, a wata na biyu ya ce masu sito sun haukace da tsada tun da 'yan Sudan suka cika gari, kamar ba su ne 'yan Sudan ɗin ba. A wata na uku ya ce azumi ya gabato, lokacin ciniki ne, ba a motsa kaya yanzu. Kullum yana rufe maganar da cewa abincin da ake ci a gidan nan duk daga kwalayen nan yake fitowa, har da nata.

In ta kwanta tana jin takun 'ya'yan Zubairu a sama, sai ta ce wa kanta gaskiya ya faɗa, yara uku ne, ga haya, ga makaranta. Sai kuma tari ya turnuƙe ta har ta ga wuta-wuta, ta tashi zaune ta dafa bango mai laima, ta rasa inda gaskiyar ta tsaya.

Mutum ɗaya ce take saukowa wurinta. Khairat, 'yar Kontagora, tana karatun digiri na biyu a fannin hadisi, ita da mijinta suna haya a hawa na uku. Wata rana tana wucewa ta ji ana karatun Alƙur'ani ta tagar ƙasa da irin muryar tsofaffin gida, ta durƙusa ta yi sallama da Hausa. Tun daga ranar takan leƙo in ta dawo daga makaranta, da shayin citta a filas. Ran da ta fara shiga ɗakin ta tsaya a bakin ƙofa ta toshe hanci ba ta sani ba, sannan ta ji kunya ta sauke hannu.

"Gwaggo, a nan kike kwana?"

"Na ɗan lokaci ne," in ji Sabuwa. Ta ji bakinta ya faɗi maganar Zubairu, da muryarsa ma.

Khairat ta so ta yi wa Zubairu magana, Sabuwa ta hana ta. Ta ce ba ta so a ce ta kai ƙarar ɗan'uwanta wurin baƙi. Khairat ta gaya wa mijinta, shi kuma ya ce sha'anin gidan mutane ne, su ɗalibai ne, karatu ya kawo su.

Cikin wata na uku ne kamfanin ya aiko mai duba gini. Zubairu ya sauko da sassafe, abin da ya daɗe bai yi ba, yana ta sauri. Ya ce wani Ustaz Isam zai zo ya ga injin. In kamfani ya san mutum yana kwana a nan, za su ce akwai haɗarin rai, su janye, shi ke nan an koma gidan jiya. Ya naɗe katifarta da kansa, ya jingine gadon a bango ya rufa masa leda, ya cusa jakarta da sallayarta a ɗakin Am Fadl. Ya miƙa mata tsintsiya.

Ustaz Isam mutum ne mai ƙiba, mai fara'a, da ƙaramar kwamfuta a hannu. Ya ɗauki hoton ramin, ya sa aka kunna injin, ya ɗora wata na'ura a bango ya girgiza kai. Sannan ya dubi Sabuwa, ya tambayi Zubairu da Larabci ko wace ce.

"Shaggala ce," in ji Zubairu. "Tana zuwa shara."

Sabuwa an haife ta cikin Larabci, ba ta buƙatar tafinta. Shaggala 'yar aiki ce. Ita da ta goya shi a bayanta lokacin da uwarsu ke jinya, ita da ta yi masa wanki har ya yi gemu. Ta ƙara riƙe tsintsiyar da kyau.

Ustaz Isam ya juyo gare ta da ladabi. "Hajja, ba kya kwana a nan ko?"

Zubairu bai dube ta ba, yana kallon injin.

"A'a," in ji ta.

Bayan sun fita, Zubairu ya dawo yana murmushi, ya ce tamam, an wuce wurin. Ya ce ma'alish, ta yi haƙuri da kalmar nan, dabarar aiki ce kawai, ai ta san matsayinta a zuciyarsa. Ya shimfiɗa mata katifar, har ya gyara mata matashi. Ranar da kwando ya sauko akwai cinyar kaza a ciki. Ba ta ci ba.

Daga nan jikin ya ci gaba da lalacewa. Ƙafafunta suka kumbura, ta koma sallah a zaune. In ta yi numfashi ƙirjinta yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Khairat ta kai ta wani kemis a bakin titi, mai maganin ya saurari ƙirjinta ya ce wannan ba ta kemis ba ce, ta je asibiti, kuma ta bar duk inda take kwana. Da aka gaya wa Zubairu ya ce masu magani haka suke tsorata mutane don su yi ciniki. Wijdan ta ce tsufa ne, ita ma kakarta haka ta yi ta tari har ta shekara casa'in. Ta aiko da zuma a kwando.

Ruwan ya zo ran wata Alhamis da hantsi. Tun safe gari ya yi duhu, iska tana kwasar leda a titi. Da ya sauko bai yi sallama ba. Sabuwa tana zaune a gado ta ga ƙafafuwan mutane suna gudu, can kuma ba ƙafa ko ɗaya, sai ruwa mai launin ƙasa yana gangarowa, ya cika titi, ya kai bakin taga, ya fara zubowa ciki ta tsakanin sandunan. Ta lallaɓa ta danna injin. Ya yi aiki kamar minti goma, sai aka ɗauke wuta.

Ta nufi ƙofa. Ƙofar katako ce, ta daɗe da kumbura, kuma waje take buɗewa. Ruwan da ke gangarowa ta matakala ya taru a bayanta ya danne ta. Sabuwa ta tura da hannu, ta tura da kafaɗa, ko motsi. Ruwa yana shigowa ta ƙasan ƙofa, yana shigowa ta taga, ramin kusurwa kuma yana amayo nasa, baƙi, mai warin masai. Ya rufe idon sawunta. Ta koma ta hau gado ta ɗauki waya ta kira Zubairu.

Sai a kira na uku ya ɗauka, tana jin hayaniya a bayansa. Ya ce tagar ɗakin kaya ta ɓalle, ruwa yana feso wa kwalayen littattafai, shi da Wijdan da yara suna ta ja da su. Ta ce masa ƙofa ta ƙi buɗuwa, ruwa ya kusa gwiwa.

"Ki hau gado, Yaya. Minti biyar, ina zuwa."

Tana kan gado. Ta ga butarta ta taso tana yawo, takalmanta suka bi ta. Ruwan ya taɓa katifa, katifar ta sha, sanyi ya ratsa ta har ƙashi. Ta miƙe tsaye a kan gadon da ƙafafun da suka kwana biyu da ƙyar suke ɗaukarta, ta kama sandunan taga, ruwan titi yana dukan fuskarta. Ba ta yi ihu ba, don numfashin ihun ma babu. Ta sake kiran Zubairu, wayar tana ta ƙara ba a ɗauka. Sai ta kira Khairat.

Khairat tana gida, ruwa ya hana ta fita. Ita ta sauko a guje ta jawo Am Fadl daga inda yake fama da nasa ɗakin. Suka shiga ruwa har ƙugu, ya sa wani ƙarfe ya ɓalle ƙofar daga maƙalanta. Shi ya goyo Sabuwa ya hau da ita matakala goma sha ɗayan nan, yana salati. Suna kaiwa zauren ginin sai ga Zubairu yana saukowa, rigarsa a jiƙe, yana cewa ga shi nan, ga shi nan, ai yana hanya.

Kwananta goma sha biyu a asibiti, ciwon huhu. Khairat ce ke zama da ita da rana, tana bitar darasinta a gefen gado. Zubairu ya zo sau huɗu, kullum da lemo a leda. Yana gaya wa masu jinyar gadon kusa cewa yayarsa ce, ita ce uwarsa ita ce ubansa. Ran da ya zo na uku ya zauna yana cike wata takarda a kan gwiwarsa, ta neman diyyar kwalaye tara da ruwa ya taɓa. Sabuwa tana kallonsa ta gefen ido. Ya zo wani layi ya ɗan tsaya, sannan ya ja gajeren layi ya wuce. Ta iya karatun Larabci ko a juye. An tambaya ne ko wani ya ji rauni.

Likita ya ce kada ta koma wuri mai danshi. Zubairu ya ce in sha Allah. Da tasi ta sauke su a ƙofar gida, ya riƙe hannunta, suka shiga zaure, sai ta ga ya juya da ita wajen matakalar ƙasa. Ya ce an gyara ko'ina. An sa sabuwar ƙofa mai buɗewa ciki, an ɗora gadon a kan bulo biyu-biyu, an sayo wa injin batir don ko an ɗauke wuta. Ya ce ɗakin sama a hargitse yake, kuma ba a taɓa komai sai kamfani ya zo ya gani da idonsa. Ya ce ruwa irin wannan sai a shekara biyar ba a sake yi ba.

Ta tsaya a matakala ta farko. Ta tuna ba ta da fasfo, ba ta da ko kuɗin mota, ba ta san kowa a garin nan ba sai ɗaliba mai ɗaki ɗaya da miji. Ta sauka.

Amma a kwanakin asibiti ta yanke shawara ɗaya, ba ta gaya wa kowa ba, har Khairat. Ta san Ustaz Isam zai dawo.

Ya dawo ran Litinin. Zubairu ya sauko da safe zai naɗe katifa, ta ce masa ba za ta iya tashi ba. Ya yi ta lallashi, ya ce rabin awa ne kawai, ta ce ko minti ɗaya. Suna cikin haka suka ji sallamar mutumin a matakala. Ya shigo ya same ta kwance a kan gado, bargo har wuya, ga magunguna a kan kujera. Zubairu ya fara bayani da sauri, wai jiri ne ya kwashe ta tana shara. Sabuwa ta yunƙura ta zauna.

"Ustaz, ni ba shaggala ba ce," in ji ta da Larabci. "Yayarsa ce, ciki ɗaya. Wata huɗu ke nan a nan nake kwana, a nan nake tashi. Ni ke kunna injin nan. Ran da aka yi ruwa ina ciki."

Zubairu ya sunkuyar da kai, gumi ya keto masa duk da sanyin wurin. Ita kuwa tana jiran abin da zai biyo baya. Ta san ta iya jawo wa gidan asara, ta kuma shirya ɗaukar zagin da za a yi mata, in dai za a fitar da ita daga ramin nan.

Ustaz Isam ya yi mata sannu, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, kuma da gani har zuciyarsa ya faɗa. Sannan ya ce shi dai kaya aka aiko shi dubawa, takardarsu ba ta shafi mutane ba. Ya ɗan yi tunani yana shafa kwamfutarsa, ya tambaye ta ko kullum tana nan, dare da rana, ba ta fita. Ta ce ba ta fita. Ya juya ga Zubairu, fuskarsa ta washe.

Ya ce ai da ya faɗi haka tun farko. Babbar damuwar kamfani da irin waɗannan gine-gine ita ce a bar inji ba mai kula, ruwa ya taru ba wanda ya sani. In akwai mai tsaro na dindindin a badrum, to lissafin ya canza. Bayan wannan diyyar da ma shugabanninsa sun so su janye, amma da wannan zai iya shawo kansu su sabunta, har ma a sassauta masa. Sai dai a rubuta a cikin yarjejeniya cewa wurin ba zai kwana ba kowa ba, a sa sunan mai tsaron.

Ya tambayi sunanta cikakke. Zubairu ne ya ba shi, harafi bayan harafi.

Bayan sati guda aka kawo takardar. Zubairu ya sauko da ita da biro, ya zauna a bakin gado. Bai yi mata faɗa ba ko kaɗan. Cewa ya yi Allah ne ya matsa bakinta, alheri ne ya fito ta inda ba a zata ba. Ya nuna mata inda za ta sa hannu, ƙarƙashin kalmar da ke nufin mai gadi. Ta tambaye shi, in ta ƙi fa? Ya ce to kamfani zai janye, 'yan kasuwa su kwashe kayansu, mai gida ya kore su, su duka su koma titi, har da yaran. Ya ce ita ce babba, ita za ta yanke. Ya miƙa mata biron ya jira.

Ta sa hannu.

Yanzu a cikin dillalan inshora masu zaman kansu da ke hulɗa da baƙi a Alƙahira, Zubairu ya yi suna. Shi ne wanda ya samo wa gini a kwari takarda bayan kamfanoni shida sun ƙi. Abokan sana'a suna kiransa suna neman shawara, yana gaya musu abu uku ne: a hau da kaya sama, a sa inji mai batir, a samu amintacce ya zauna a ƙasa. Yana ƙarawa da cewa na gida ya fi, don bare zai nemi albashi da ranar hutu. Wani daga cikinsu ya riga ya aika a taho masa da ƙanwar babansa daga Aswan.

A wurin taron 'yan garinsu mazauna Alƙahira kuwa, in aka zo maganar zumunci, da Zubairu ake misali. Mutumin da ya karɓi yayarsa a lokacin yaƙi, ya ba ta ɗaki nata na kanta, ya yi jinyarta a asibiti. Ba ƙarya suke yi ba, duk an yi. Babu dai wanda ya taɓa sauka ya gaishe ta.

Khairat ta gama karatu a ƙarshen bazara. Ran da za su tafi ta sauko sallama, ta durƙusa a gaban gado tana kuka, tana neman gafara wai ba ta iya yi mata komai ba. Sabuwa ta dafa kanta ta sa mata albarka, ta ce ta gaida mutanen gida. Khairat ta tambaye ta ko akwai saƙon da za ta kai wa wani, ko wani abu da take so a faɗa.

Sabuwa ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakin.

"In kin je, aka tambaye ki yadda 'yan'uwa suke a Masar," in ji ta, "ki ce kayansu lafiya lau."